Ƙawata Wurin Biki da Hannunku: Shawarwari ga Gidan da Za a Aurar da 'Ya

Da zarar an sa rana, lissafi ke hana iyaye barci: kayan ɗaki, gara, abincin wuni, anko, katin gayyata. A 'yan shekarun nan kuma an ƙaro wani nauyin, wato kuɗin masu dekoreshan, waɗanda za su zo da labulaye da fitilu su ƙawata wuri na awa huɗu ko biyar, su kwashe kayansu kafin gari ya waye. Sana'arsu halal ce, akwai gwanaye a cikinsu, wanda yake da hali kuma ya kira su babu laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne gidan da zai ci bashi saboda adon yamma ɗaya, alhali ba a gama biyan kuɗin katifar amarya ba.

Ado ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu mata sun yi daɓe da waƙa, sun shafe ɗaki da farar ƙasa, sun jera kwanuka da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, duk da gayya, babu wanda aka biya sai abinci da godiya. Na tsaya a kan adon bikin ƙannena biyu da na 'yar yayata, kuma abin da na koya a nan, da wanda na gani a gidajen 'yan'uwa, shi ne na tattaro.

1. Ku zaɓi wuri ɗaya ku zuba ƙarfinku a kansa

Ku zauna ku rubuta tarukan da za a yi: sa lalle, kamu, walima, ɗaurin aure, wuni, kai amarya, buɗar kai. Ba kowanne ke buƙatar ado ba. Ɗaurin aure a masallaci ko a ƙofar gida tabarma yake so, da goro da alawa da dabino. Walima kuwa shimfiɗa mai tsabta da lasifikar da ba ta ƙara sun ishe ta. Wanda ke neman ado sosai shi ne taron da amarya za ta zauna a gaban jama'a, kamu ko wuni.

A wannan taron ma, ido wuri ɗaya yake zuwa: inda amarya ta zauna da abin da ke bayanta. Nan ake ɗaukar hoto, nan kowa ke nufa don gaisuwa. In kuka ƙawata faɗin mita 3 da kyau, kun ƙawata biki. In kuka raba ɗan abin da ke hannunku a kan kowane ginshiƙi da kowace kujera, sai wurin ya fito tsilla-tsilla, kuɗi sun tafi kuma ba a ga inda suka shiga ba.

2. A naɗa mai tsayawa a kai, kuma kada ta zama amarya ko uwarta

Amarya tana lalle da kitso da gyaran jiki. Uwar amarya tana karɓar baƙi, hankalinta ya rabu gida goma. A samu gwaggo, ko yaya, ko aminiyar uwa, mace ɗaya mai ido da haƙuri wadda maganarta ke shiga kunnen yara, a ce ita ce mai ado. Ita za ta riƙe kuɗin da aka ware, ita za ta raba aiki: 'yan mata biyu ko uku a kan ɗinki da yanka, samari biyu a kan hawa tsani da ɗaure igiya, mutum ɗaya da ya san wuta a kan fitilu.

Kada ku yaudari kanku cewa aikin hannu kyauta ne. Yana cin lokaci, yana cin ƙarfi, masu tayawa kuma sai sun ci sun sha. Duk abin da ake iya yi tun da wuri, irin ɗinkin labule da furannin takarda, a gama shi saura mako biyu. Ranar biki ratayawa kawai za a yi.

3. Ku je ku auna, a daidai lokacin da za a yi taron

Ko tsakar gida ne, ko filin makaranta, ko ɗakin taro na haya, ku je da tef na awo ku rubuta tsawo da faɗi da tsayin bango. Ku duba inda soket yake, inda za a iya ɗaura igiya, inda ruwa ke kwanciya. In ɗakin haya ne, ku tambaya ko an yarda a buga ƙusa ko a manna abu a bango, da ƙarfe nawa za a buɗe muku.

Abin da aka fi mantawa shi ne rana. Yawancin tarukan mata bayan la'asar ake farawa, lokacin da rana ta karkata yamma. In amarya ta fuskanci yamma, rana za ta cika mata ido, kwalliya ta narke. In ta ba yamma baya, hotunanta duk za su fito da duhun fuska. Ku zaunar da ita tana fuskantar kudu ko arewa, ko a inda inuwar bango ke sauka da yamma. Ba za ku san wannan ba sai kun tsaya a wurin da misalin ƙarfe 4 kun gani da idonku.

4. Kafin kasuwa, a buɗe adakar kaka

Nan ne na fi son a daɗe. A kusan kowane babban gida akwai kayan da aka ajiye aka manta: zanen saƙi, gwado, luru mai ratsi, fayafai masu launi, ƙore masu zane, akushi, mafitai, lefen kaba, tasoshin tagulla irin na Bida, samira da langa da fanteka waɗanda aka yi wa wata kaka jere da su. A fito da su, a wanke, a goge. Tagulla tana dawowa da ƙyallinta in an cuɗa ta da tsamiya ko lemon tsami da toka, a ɗauraye, a shanya. Ƙwarya kuma ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa ya fito da zanenta.

Fayafai 15 ko 20 masu girma daban-daban, in aka ɗinke su a jikin farin yadi, manya a tsakiya ƙanana a gefe, suna ba da bangon da babu furen roba da zai kama ƙafarsa. Allura da zare kawai ake buƙata, ɗinki biyu ko uku a kowane faifai, bayan biki a warware a mayar wa masu su. A bikin 'yar yayata mun shimfiɗa lurun kakarmu a ƙarƙashin ƙafar amarya, sai ga tsofaffi suna matsowa suna shafa shi, kowa na tuna wanda aka kai ta ɗaki da irinsa. Wannan ba abin da kuɗin haya ke sayowa ba ne.

An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a sha'anin biki aro zumunci ne. Darduma a gidan gwaggo, tumtum a gidan kawu, tire da butoci a maƙwabta. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta abin da aka karɓa da sunan mai shi, a yi wa kowane kaya alama a ƙasansa da ɗigon jan farce ko ɗan ƙyalle. Abin da ba za ku iya biya ba in ya fashe, kada ku aro shi.

Wanda bai samu a gida ba, a Kano kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau nan ake samun fayafai da ƙore da kayan fata. Kasuwannin ƙauye na mako-mako sun ma fi araha, kuma kuɗin kai tsaye hannun masu saƙar yake shiga.

5. Launi biyu, da lissafin yadi

Ku ɗauki launi ɗaya daga cikin ankon biki, ku haɗa shi da fari ko ruwan madara. In za a ƙara na uku, ya zama kaɗan, kamar ruwan zinariya a baki-baki. Amma ku fara sanin kayan da amarya za ta sa. In leshinta shuɗi ne, bayanta ma shuɗi, za ta nutse a cikin labule. Bango ya bambanta da kayanta, ya kuma fi su sanyin launi, domin ita ake son gani.

Ga lissafin da nake yi. Bango mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2 da rabi, in ana son labule ya yi tattara mai kyau, sai faɗin yadi ya ninka faɗin bangon sau biyu, wato mita 6. Yadi mai faɗin inci 60 kusan mita ɗaya da rabi ke nan, don haka falle huɗu ake so, kowanne mita 2 da rabi. Jimla mita 10, in an haɗa da kalmasa a sayi yadi 12. A kai wa tela ya yi kalmasa mai faɗi a sama, wadda sanda ko bututu zai shige. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma bai kai wancan faɗi ba, saboda haka ya fi dacewa da ratsi a tsakiya ko a gefe biyu, ba rufe bango duka ba.

A Kantin Kwari da ke Kano ana samun yadi kowane iri, kuma sari ya fi sauƙi a kan yanka-yanka. Kada ku raina labulen gwanjo na Ƙofar Wambai, ko na Kasuwar Barci a Kaduna. In an wanke an goge, babu mai bambanta shi da sabo daga nesa. Ku sayi abin da zai yi amfani bayan biki. Yadin da aka zaɓa da hankali, washegari labulen ɗakin amarya ne ko zanen gado.

Masu son rini, zanen baba irin na marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yana da kwarjini ƙwarai a bayan farar kujera. Sai dai baba yana zuba. Kada a shimfiɗa shi inda amarya za ta zauna ko ta jingina da fararen kaya. A rataye shi nesa da jikinta da kamar taku ɗaya.

6. Abin da zai riƙe labule ya fi labulen muhimmanci

In akwai bango, an huta: ƙusa biyu masu ƙarfi da igiya ko waya a miƙe. In babu, sai an haɗa firam. Mafi sauƙi shi ne bututun roba na ruwa, mai kaurin inci ɗaya da rabi: biyu a tsaye, ɗaya a kwance a sama, a haɗa su da gwiwa biyu, duk ana samu wurin masu sayar da kayan famfo. Na kwancen in ya kai mita 3 zai lanƙwashe a tsakiya saboda nauyin yadi, don haka a zura masa sandar gora ko ƙarfe a ciki, ko a ƙara ƙafa ta uku a tsakiya. Ƙafafun a dasa su cikin bokitai ko gwangwanin fenti cike da jiƙaƙƙen yashi, in da hali a zuba siminti saura kwana uku. Kafinta ma zai iya haɗa irinsa da katako.

Labulen da aka miƙe a fili tamkar filafilan jirgin ruwa yake, iska kaɗan ke ture shi. Wannan na gan shi da idona a kamun ƙanwata, a ƙarshen watan Afrilu. Gari ya yi tsit da zafi tun safe, muka tsayar da firam da duwatsu kawai. Ana cikin cinikin kamu tsakanin dangin ango da ƙawayen amarya sai hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa kamar yadda ta saba, bangon duka ya kifo. Allah Ya tsare, a kan kujerun da babu kowa ya faɗa, amma da amarya ta riga ta zauna da labarin ya bambanta. Tun daga ranar ba na tsayar da komai a fili sai an ɗaure shi ta baya da igiya biyu a jikin turke ko taga, an kuma ɗaure ƙasan labulen kada ya yi ta kaɗawa.

Ku dubi lokacin shekara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba: farin yadin da aka rataya tun safe kafin la'asar ya koma ruwan ƙasa, sai a rataya shi saura awa biyu, a kuma yayyafa ruwa a filin tukuna. Da bazara zafi ke narkar da gam da salatif, don haka a dogara da fil da zare. Da damina, musamman a Agusta, kada a yi taron fili ba tare da an tanadi ɗakin da za a gudu ba.

7. Mazaunin amarya

Kujera mai zaman mutum biyu daga falo ta wadatar, a lulluɓe ta da farin zane a soke da fil ta baya. Wasu sun fi son zaman ƙasa, kuma ga kamu da sa lalle ni ma shi na fi so: darduma, a ɗora kilishi ko luru, a kewaye da tumtum da matasan kai. A gefe a ajiye ƙore manya da ƙanana, da ludayi, da tiren lalle da turarukan da dangin ango za su fesa. A bar sarari a dama da hagu, domin ƙawaye ba za su bar ta ita kaɗai ba, kuma a bar hanya a gaba wadda tsohuwa mai sanda za ta iya bi ba tare da ta yi tuntuɓe da ado ba. In an yi dandamali, kada tsayinsa ya wuce mataki ɗaya. Amarya a lulluɓe take, ba ta ganin ƙasa sosai.

8. Balan-balan da furanni

Balan-balan na da araha kuma yana cika ido, amma ba ya shiri da ranarmu. Iskar da ke ciki tana kumbura da zafi, sai ya fashe, masu duhun launi kuma su ke fara fashewa. A hura da famfo, kada a cika shi tam, a hura a ranar, a ajiye a inuwa. Ana ɗaure su huɗu-huɗu a jera a kan igiya mai ƙarfi. Kowace mita tana cin kimanin guda 20, sai ku lissafa ku ƙara na ko-ta-kwana. Abu biyu na roƙe ku. Kada ku sayi balan-balan mai tashi sama daga wanda ba ku san irin iskar da ya ɗura ba, domin akwai mai kama wuta, kuma wurin biki ba ya rasa garwashi. Sannan duk wanda ya fashe a tsince ɓaraguzansa nan take. Ƙananan yara na sa su a baki, suna iya toshe musu numfashi.

Furen gaske a zafin Maris zuwa Mayu ba ya kai magariba. In ana so, a yanko da asuba, a tsoma cikin ruwa a ɗaki mai sanyi, a fito da shi a ƙarshe. Ganyen dabino da kaba sun fi juriya, kuma biyu a kowane gefen ƙofa sun isa su nuna nan ne gidan biki. Furen takarda kuwa aikin hira ne ga 'yan mata: a jera falle 8 na takarda mai laushi, a ninke ta gaba da baya kamar mafici, a ɗaure tsakiya da zare, a zagaye bakin biyu da almakashi, sannan a ɗaga fallayen ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ƙyallayen da suka rage wurin telan da ya ɗinka anko ma kada a bar su; a yanka su kusurwa uku a ɗinke a jikin igiya, sun zama tutocin da za a zagaye rumfa da su, launinsu kuma ya dace da na jama'a.

9. Haske, da hattara da wuta

Taron da zai wuce magariba yana buƙatar haske iri biyu: na gani da na ado. Na gani shi ne kan gaba. A sa ƙwai biyu masu farin haske a gaban amarya, sama da kai kaɗan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don kada inuwa ta faɗo mata a fuska. Na ado kuwa 'yan ƙananan fitilun nan ne masu zuwa a jikin waya. Ba sa cin wuta, ba sa zafi, in an saka su a bayan farin labule suna ba da haske mai taushi. A tanadi fitilu masu caji ko na sola guda uku ko huɗu a cike, saboda ko da an ɗauke wuta kada wuri ya yi duhu kafin a tayar da inji.

Haɗa waya aikin wanda ya iya ne, ba na yaron da ya ce zai gwada ba. Kada a tara komai a kan soket ɗaya, kada a bar haɗin waya a tsirara, kada waya ta bi ta inda ake zubar da ruwa ko inda yara ke gudu. Janareta a kai shi nesa, a fili, bakin hayaƙinsa ya ba rumfa da tagogi baya. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha hallaka mutane a ɗaki rufe. Ba a zuba masa mai yana aiki. Kyandir kuwa, a wurin da ke cike da mayafai da leshi da yara, ni dai ban ga amfaninsa ba.

10. Ƙamshi ma ado ne

Baƙuwa tun kafin ta ga labule hancinta ya gaya mata irin gidan da ta shigo. A share, a yayyafa ruwa, a kwashe shara, a duba lambatu da makewayi, sannan a zagaya da kaskon turaren wuta saura rabin awa a fara. 'Yan'uwanmu na Borno sun riƙe wannan fanni, in kuna da wata a dangi ko maƙwabta ku ba ta ragamar. Kaskon a ɗora shi a kan tire ko bulo, nesa da labule, a hannun babba. Kada a cika hayaƙi a rufaffen wuri saboda jarirai da masu asma.

11. Kujeru, sutura da maƙwabta

Kujeru da kanofi a kama su da wuri, musamman a watan Sha'aban da bayan Babbar Sallah da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. Ba sai an sa wa kowace kujera riga ba. A wanke su da sabulu, layin gaba kawai a ɗaura wa ƙyalle. In taron mata ne a waje, a kewaye shi da zana ko labule mai kauri yadda mai wucewa ba zai leƙa ba, domin mata su sake. A ware gefe mai tsabta da tabarmi da butoci saboda sallah. In rumfa za ta taɓa hanya, a sanar da maƙwabta da mai unguwa tun da wuri, a bar inda mota za ta wuce da mara lafiya.

12. Rubutu da wurin liƙi

Sunan ango da amarya a yanka shi a kwali mai kauri a shafa fenti, ko a ba mai rubutun allon shago ya rubuta. A karanta sau biyu kafin a rataya. Ina ba da shawara kada a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan abin da ƙarshensa ƙasa ne ko bola. Addu'a a baki ta fi tsira daga wulaƙanci.

A gaban amarya a ajiye babbar ƙwarya mai zane ko faifai, a ɗora wata amintacciya a kai, mai son yin alheri ya sa a ciki. Ya fi tsabta, ya hana yara rububi, kuɗi kuma ba sa ɓacewa a ƙarƙashin ƙafa. A Najeriya ma doka ce: sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

13. Jere shi ne adon da zai zauna

Duk abin da na lissafa a sama na yini ɗaya ne. Ɗakin da yarinya za ta buɗe ido a ciki kowace safiya shi ya cancanci mafi yawan kuɗi da natsuwa, amma sau da yawa shi ake yi a gurguje, 'yan jere su tafi da hantsi a gajiye, su dawo da dare ana faɗa a kan gadon da ya ƙi shiga ƙofa.

Tun kafin a ba kafinta aiki, a nemi izinin dangin ango a je a auna ɗaki: bango huɗu, faɗin ƙofa, tsayin taga, inda soket yake. Fenti a gama shi aƙalla saura mako ɗaya, a bar tagogi a buɗe warin ya fita. Ranar jere a fara da shara da wanke ƙasa, sai labule, sai leda ko kafet, sai manyan kaya, ƙanana su zo a ƙarshe. In an juya wannan tsari sai an yi aiki biyu. Gado kada ya toshe taga, a kuma bar inda za a ɗaura gidan sauro. Kabet mai tsayi a kafe shi a bango, masu nauyi a ƙasa, masu sauƙi a sama. Nan da shekara biyu in Allah Ya kawo rabo akwai mai rarrafe da zai kama shi ya miƙe.

Kada a cika ɗaki har a rasa wurin shimfiɗa sallaya. Na sha ganin ɗakin amaryar da aka cusa wa kujeru da teburan da ba su dace da girmansa ba, don kawai kada a ce iyayenta sun gaza, ita kuwa ta yi shekaru tana bin gefe-gefe a ɗakinta. Abin da bai shiga ba a bar shi a kwalinsa a gidan iyaye har ta samu wuri. A kicin a jera abin da za ta fara nema kusa da hannu: tukwane biyu, wuƙa, ashana, gishiri, bokiti, tsintsiya. Kuma a tambayi amarya tun kafin ranar inda take son gadonta da madubinta. Al'ada ta hana ta zuwa jere, ba ta hana a ji ra'ayinta ba.

Daga cikin kayan kaka da aka fito da su, in masu shi sun yarda, a bar mata ɗaya: faifai biyu a bango, ko tasa guda a saman kabet. A rubuta duk abin da aka kai a takarda biyu, ɗaya wurin uwa ɗaya wurin amarya.

14. A shirya kwashewa tun kafin a kafa

Masu tayawa da yawa ne ranar ratayawa, ranar saukewa kuwa sai a nemi kowa a rasa. Tun farko a faɗi sunayen waɗanda za su tsaya bayan an watse, kuma kada su zama cikin masu rakiyar amarya. A tanadi buhuna na shara a kusurwoyi tun kafin a fara raba abinci, don ledar ruwa da robobin abinci kada su ƙare a lambatun unguwa. Kujerun haya a ƙirga su a gaban mai kawowa, a sake ƙirgawa a gabansa ranar mayarwa. Fitilu a cire su daga wuta kafin a taɓa labule. Fil da ƙusoshi a tara su a gwangwani ɗaya, a bi ƙasa da tsintsiya saboda ƙafafun yara.

Kayan aro a mayar cikin kwana biyu, a wanke, a haɗa da ɗan alkaki ko nakiya daga gara. Bututun firam da igiyoyi da fitilu a ɗaure su wuri ɗaya, a rubuta abin da ke ciki a jikin buhun, a ajiye a gidan wadda ta tsaya a kan adon. Namu yanzu ya zagaya gida biyar a dangi, abin da ake sakewa kawai yadi ne.